Doka biyu a ƙauye guda: tarzomar manoma da kafuwar ƴan sanda a Irlanda, 1761-1922

Gabatarwa

A cikin wannan takarda za mu duba halin da karkarar tsibirin Irlanda ta shiga daga 1761, shekarar da tarzomar manoma ta fara zama ruwan dare, zuwa 1922, shekarar da aka rushe rundunar ƴan sandan da Ingila ta kafa a can. Rahotannin hukuma na wancan zamani sun jera ƙona gidaje, raunata dabbobi da kisan wakilan masu ƙasa a sahun laifuffuka kawai. Abin da muke son nunawa shi ne, doka biyu ne suke takara a ƙauye guda: ta gwamnati wadda ke aiki da rana, da ta talakawa wadda ke aiki da dare. Wadda duk ta mallaki bakin mai shaida, ita ke da iko na haƙiƙa. Daga wannan takara ne aka haifi wani irin ɗan sanda mai bindiga, mazaunin bariki, wanda daga baya ya yi tasiri a ƙasashen mulkin mallakar Ingila.

1. Ƙasa, haya da ushiri

Yaƙe-yaƙen ƙarni na 17 sun ƙare da ƙwace gonakin ƴan ƙasa. A 1703 mabiya ɗariƙar Katolika, waɗanda su ne mafi rinjaye, kashi 14 bisa 100 na ƙasar kawai ya rage a hannunsu. Sauran ya koma ga manyan masu ƙasa ƴan Furotesta, wasunsu ma zaune suke a Dublin ko Landan. Mai ƙasa yakan ba ɗan tsakiya haya, shi kuma ya rarraba wa ƙananan manoma da riba. A can ƙasa akwai ƴan ƙwadago masu hayar ɗan fili na damina guda domin shuka dankalin turawa, wanda shi ne cimarsu.

Ban da kuɗin haya, manomi na biyan ushirin amfanin gona ga Cocin Irlanda, watau cocin gwamnati na ƴan Angilika, ko da shi ba mabiyinsa ba ne. A 1735 majalisar Dublin, wadda masu ƙasa suka cika, ta tsame filayen kiwo daga ushiri. Ke nan mai garken shanu ya kuɓuta, mai ɗan filin dankali a yankin Munster kuwa ya ci gaba da biya. Yawan jama'a ya ƙara tsananta neman fili: ƙidayar 1821 ta ba da wajen mutum miliyan 6.8, ta 1841 kuma sama da miliyan 8. A irin wannan hali, korar mutum daga gona daidai take da miƙa iyalinsa ga yunwa.

2. Dokar dare

A ƙarshen shekarun 1750 Ingila ta buɗe kasuwarta ga shanu da naman Irlanda. Kiwo ya yi daraja, masu ƙasa suka fara shinge makiyayar da talakawa suka saba sakin dabbobinsu. A 1761, a lardin Tipperary, wasu mutane suka riƙa fita da dare sanye da fararen riguna a kan tufafinsu, suna rushe shingaye da ganuwar gonaki. Saboda rigunan aka kira su Whiteboys, watau fararen samari. Wasu ƙungiyoyi sun biyo baya: Rightboys a Munster daga 1785 zuwa 1788, Threshers a yamma a 1806 da 1807, Rockites daga 1821 zuwa 1824, da Terry Alts a lardin Clare a wajejen 1831. Ya kamata mu lura cewa a arewa ma, manoma ƴan Furotesta sun tayar da irin tasu, Oakboys a 1763 da Steelboys daga 1769 zuwa 1772. Wannan ya nuna addini kaɗai bai isa ya bayyana al'amarin ba.

Hanyoyin aikinsu kusan iri ɗaya ne. Da fari rantsuwa: ana rantsar da mutanen ƙauye cewa ba za su biya ushiri fiye da wani adadi ba, ba za su karɓi gonar da aka kori wani daga cikinta ba, ba kuma za su tona asiri ba. Sai takardar gargaɗi da ake liƙawa a ƙofar gida ko ta coci, sau da yawa da zanen akwatin gawa, ɗauke da sa hannun wani shugaba na ƙage irin su Kyaftin Right ko Kyaftin Rock. Wanda ya ƙi ji, sai a yanke agarar shanunsa, a tone masa makiyaya, a ƙone rumbunsa, ko a taɓa lafiyarsa. Kisa shi ne matakin ƙarshe.

Abu biyu ke raba wannan da fashi. Na ɗaya, akwai farashin da suke tsayarwa: na haya, na ushiri, na ladan ƙwadago, har da kuɗin da limaman Katolika ke karɓa wajen ɗaurin aure da zanen suna, wanda Rightboys suka ƙayyade. Na biyu, yawancin waɗanda abin ya faɗa wa maƙwabta ne da suka karya doka, musamman wanda ya karɓi gonar korarre. George Cornewall Lewis, a littafinsa na 1836 kan tarzomar Irlanda, ya kwatanta tsarin da wata babbar ƙungiyar ƙwadago mai kare manoma. Gustave de Beaumont, wanda littafinsa kan Irlanda ya fito a Faransa a 1839, shi ma ya ɗora alhakin a kan halin masu ƙasa. Sai dai bai kamata mu ƙawata abin ba. Dokar dare ba ta da ɗaukaka ƙara, kuma tsohuwar gaba tsakanin dangi takan ɓuya a bayanta.

3. Matsalar shaida

Kotun Ingila ta dogara ga abu biyu: mai shaida, da mutum 12 da ake zaɓowa daga jama'a su ce mutum ya yi laifi ko bai yi ba. A karkarar Irlanda duka biyun sun gagara. A 1816, a lardin Louth, wani mai suna Edward Lynch ya ba da shaida a kan waɗanda suka fasa gidansa neman bindigogi, aka rataye uku. A ƙarshen Oktoba na shekarar aka ƙone gidan, wanda ake kira Wildgoose Lodge, mutum 8 suka mutu a ciki har da jariri. Hukuma ta rataye mutum 18, akasari bisa bakin waɗanda ake zargi tare da su. A Disamba 1831, a Carrickshock cikin lardin Kilkenny, taron manoma ya kashe ƴan sanda fiye da 10 masu rakiyar mai raba sammacin ushiri, amma kotu ba ta iya kama kowa da laifin ba.

Inda shaida ta gaskiya ta ɓace, sai hukuma ta koma ga ta saye, wannan kuwa ya ƙara zubar da mutuncin kotu. An rataye limamin Katolika Nicholas Sheehy a Clonmel a 1766 bisa zargin kisan mutumin da ba a taɓa ganin gawarsa ba. A 1882, bayan kisan mutum 5 ƴan gida ɗaya a Maamtrasna, aka rataye Myles Joyce, wanda harshen Irlanda yake ji, alhali da Ingilishi aka yi masa shari'a. Shugaban ƙasar Irlanda ya wanke shi a 2018. Wata hanyar ita ce dokar ta-ɓaci, wadda aka fara kafawa a 1796 aka kuma riƙa sabuntawa: a gundumar da aka ayyana, duk wanda aka kama waje tsakanin faɗuwar rana da fitowarta ana iya kai shi bautar shekara 7 a ƙetare, mafi yawa Ostiraliya, ba tare da mutanen nan 12 ba.

4. Ɗan sandan bariki

Kafin 1814 tsaron karkara na hannun alƙalan gunduma, waɗanda masu ƙasa ne ko wakilansu, da ƴan dogaran da ba su da horo, sai kuma soji in abin ya ɓaci. Robert Peel, babban sakataren Irlanda daga 1812 zuwa 1818, ya kafa rundunar kiyaye zaman lafiya a 1814. Ana tura ta gundumar da ta rikice ƙarƙashin alƙali mai albashi, jama'ar gundumar kuma su biya kuɗinta, watau tara ce ta gayya. An fara aiki da ita a Middlethird cikin Tipperary. A 1822 aka kafa ƴan sanda na dindindin a kowane lardi, a 1836 kuma, zamanin Thomas Drummond, aka haɗa su runduna guda ƙarƙashin sufeto janar a Dublin. Sarauniya Biktoriya ta ƙara wa rundunar laƙabin sarauta a 1867 bayan murƙushe tawayen Fenian, ta zama Royal Irish Constabulary.

Ƙa'idojin rundunar amsa ce ga matsalar shaida. Tunda ƙauye ba ya magana, sai a dasa masa ido daga waje. Ba a ajiye ɗan sanda a lardinsa na haihuwa ko na matarsa, ba ya aure sai ya yi shekara 7 yana aiki, yana kwana a bariki, yana riƙe da bindiga. Barikoki sun haura 1,000. Ƴan sandan ne ke ƙidayar jama'a da ta amfanin gona, su ke rakiyar masu korar ƴan haya. Yawancin ƙananansu ƴaƴan manoma ne Katolika, manyan hafsoshi kuwa akasari Furotesta. Tsarin ya fi kama da jandarma na Faransa bisa ga ƴan sandan Landan da Peel ɗin nan ya kafa a 1829, waɗanda ba sa yawo da bindiga.

5. Abin da ya kwantar da karkara

Idan muka bi tarihin, za mu ga tarzoma na lafawa ne duk sa'ad da aka taɓa tushenta. Yaƙin ushiri na shekarun 1830 ya ƙare da dokar 1838, wadda ta rage rubu'in kuɗin ta kuma ɗora biyansa a wuyan mai ƙasa. Babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe wajen mutum miliyan guda ta kori wani miliyan, ta share yawancin ƴan ƙwadagon da ke cika ƙungiyoyin dare. A 1879 Michael Davitt da Charles Stewart Parnell suka fito da kokawar fili ta hanyar Ƙungiyar Ƙasa. A 1880, a lardin Mayo, jama'a suka ƙaurace wa Kyaftin Charles Boycott, wakilin wani mai ƙasa: ba mai yi masa aiki, ba mai sayar masa. Sai da aka kawo ƴan sa kai wajen 50 daga arewa, da rakiyar soji da ƴan sanda kusan 1,000, kafin a girbe gonarsa. Sunansa ya shiga Ingilishi da Faransanci. Dokar 1881 ta ba kotu ikon tsayar da haya, ta 1903 kuma ta ba manoma rancen sayen gonakinsu.

Makamin ƙauracewa ya juya kan rundunar kanta. A 1919 majalisar ƴan kishin ƙasa ta umurci jama'a su ƙaurace wa ƴan sanda, a 1920 aka ƙone ɗaruruwan barikokin da suka gudu suka bari, a 1922 aka rushe ta. Sabuwar ƙasar ta kafa Garda Síochána, wadda ƴan sandanta masu kaki ba sa ɗaukar bindiga a aikin yau da kullum.

Kammalawa

Mun ga cewa rundunar ta samu ƙarfinta daga nisanta da jama'a, nisan nan kuma shi ya kayar da ita. Wannan darasi bai tsaya a Irlanda ba. Daga 1907 aka riƙa horar da hafsoshin ƴan sandan ƙasashen mulkin mallaka, har da na Afirka ta Yamma, a barikin Phoenix Park na Dublin. Charles Jeffries, a littafinsa na 1952, ya ɗauki rundunar Irlanda a matsayin uwar ƴan sandan mulkin mallakar Ingila, wasu masana tarihi na baya kuma suna ganin ya zarce, domin kowace ƙasa ta gina tata bisa halin da ta samu kanta. Ga mai nazarin laifi a karkara, muna ba da shawarar ya riƙa yi wa rahoton hukuma tambaya uku: wace doka ce mai laifin ke ganin yana zartarwa, wa ya yarda ya ba da shaida, da wane harshe kuma aka saurare shi.