Amsoshin Wasiƙunku: Tsatsa Ta Huda Ƙasan Motata, In Shafa Kwalta?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomin rani a yankin madatsar ruwa ta Watari, cikin ƙaramar hukumar Bagwai a Jihar Kano. Ya ce ya gaji tsohuwar mota ƙirar Peugeot 504 mai dogon baya daga mahaifinsa, yana son ya tayar da ita don ya riƙa kai tumatir da albasa kasuwar Badume. To ranar da ya ɗaga shimfiɗar robar da ke wajen ƙafar direba, sai ga shi yana hango ƙasa ta wata 'yar huda. Wani ya ba shi shawara ya narka kwalta ya shafe wurin ciki da waje. Shi ne yake tambaya, ko hakan zai yi?

To Malam, Allah ya jiƙan mahaifi. Amsa a taƙaice ita ce, kada ka shafa kwaltar nan tukuna. Bari in yi maka bayani.

Ita tsatsa abu uku ke haifar da ita: ƙarfe da ruwa da iska. Lokacin da muke koyon aikin malanta an nuna mana wannan da ƙusa a cikin kwalabe. Ƙusar da ke cikin busasshiyar kwalba tana nan fes, wadda ke cikin ruwa ta yi ja, wadda kuwa aka barbaɗa wa ruwanta gishiri ta riga kowace lalacewa. A ƙasashen Turai gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara shi ne ke cinye ƙasan motocinsu. Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma muna da abin da ya kai shi ɓarna, wato takin zamani. Buhun yuriya ko NPK in ya ɗan yage a cikin mota, ƙwayoyin sai su gangara ƙarƙashin shimfiɗa, su jawo laima daga iska, su narke su zauna a kan ƙarfe. Haka gishiri da kanwa, haka ruwan ruɓaɓɓen tumatir, haka fitsarin awakin da ake ɗauka ran kasuwa. Ga kuma ruwan damina da ke yoyo ta tsohuwar robar gilashin gaba. Wato kenan motar manomi sau da yawa daga ciki take ruɓewa, daga inda kake taka ƙafa, ba daga waje ba. Shimfiɗar roba kuwa ita ce murfin tukunyar, ba ta barin ruwan ya bushe.

Kwalta ba ta kashe tsatsa, ɓoye ta take yi. In ka shafa ta a kan ƙarfen da ya riga ya ci, laimar na nan a ƙarƙashi. Zafin bazara ya sa ta yi laushi, sanyin hunturu ya sa ta tsage, ruwa ya shiga ya rasa mafita. Kai kana ganin baƙi sumul, ita kuwa tana ci, sai ranar da ƙafarka ta burma.

Kuma kada ka raina 'yar hudar nan. Motar 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya buɗe masana'antarsa ta haɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna, a 1975, shi ya sa ta cika ƙasar nan. Irin taka ba ta da shasi dabam kamar babbar mota. Jikinta da ƙasanta an yi musu walda ne wuri guda, su ne ke ɗaukar nauyin kaya da fasinja. Farantin da kake takawa kaurinsa bai fi kimanin milimita 1 ba, amma a jikinsa aka ɗaure kujeru, ƙarƙashinsa kuma bututun birki da na mai suka bi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hayaƙin salansa. In salansa na yoyo, hayaƙin zai shigo ta hudar, cikinsa kuwa akwai iskar guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Da sanyin asuba an rufe gilasai, direba sai ya ji ciwon kai da gyangyaɗi, ya ɗauka rashin barci ne.

Yanzu ga yadda ake yi. A fitar da kujeru da shimfiɗu gaba ɗaya, a share, a wanke, a bar motar a rana ta bushe. Lokacin hunturu ya fi dacewa da aikin, tun da iska a bushe take. Sannan ka ɗauki sukudireba ka riƙa caka ƙarfen da ƙarfi, kada ka ji tausayinsa. Inda ya yi ƙara ƙal-ƙal lafiyarsa lau. Inda ya lotsa ko ya farfashe kamar ɓawon gyaɗa, ya mutu. Za ka tarar ɓarnar ta fi hudar da ka gani faɗi nesa ba kusa ba. Ka duba musamman gindin kujeru, da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da inda ake kafa jak.

Mataccen ƙarfe yanke shi ake yi, har sai an kai ga mai ƙyalli. Nan ne aikin mai gyaran jikin mota, kuma nan ne ake cutar mutane. Na taɓa ganin motar da aka toshe ƙasanta da guntun kwanon rufi da ƙusoshi, aka shafe da fila, aka fesa baƙin fenti. Kwanon rufi ya yi siriri da wannan aiki, kuma hayaƙin da yake fitarwa in an sa masa wuta yana jawo wa mai walda zazzaɓi. Fila kuwa tana shan ruwa. Farantin alminiyam ma kada ka yarda da shi, domin shi da baƙin ƙarfe in sun haɗu a cikin laima, mahaɗarsu ce ke fara lalacewa. A nemo baƙin faranti mai kauri daidai da na motar, ana samu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko kuma a yanko lafiyayyen ƙasan wata 504 da ta mutu. A yi walda a zagaye shi duka, ba ɗiso nan ɗiso can ba. Kafin a kunna wuta a cire batir, a kuma kawar da bututun mai, in aikin ya yi kusa da tanki a sauke tankin. Kai da kanka ka tsaya da bokitin ruwa da na yashi.

Sauran wuraren da tsatsa ta taɓa sama-sama, a gurje su da buroshin waya da samfefa. Akwai wani ruwan magani mai sinadarin fosforik da masu sayar da fentin mota ke kawowa, wanda ke mayar da ragowar tsatsa baƙa. Yana da amfani, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi. A goge wurin da tina don cire maiƙo, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa a ranar, kada a bari gurzajjen ƙarfe ya kwana tsirara. Shafi biyu, sama da ƙasa, a bar na farko ya bushe kafin na biyu. Bakin waldar a like shi da danƙon like gaɓa, don ta nan ruwa ke fara laɓewa. Sai fentin mai a sama. To a nan ne, Malam, kwaltarka za ta yi rana: a shafa ta ta waje kawai, a kan busasshen fenti, don ta kare shi daga tsakuwar hanyar burji. A nisanta ta da salansa.

Saura wurare masu rami a ciki, irin ƙarafan ƙarƙashin ƙofa, inda buroshi ba ya shiga. Waɗannan mai ake ɗura musu, bayan an gama walda da fenti. Na san mutanenmu baƙin mai suke zubawa. Ya fi babu, amma yana da datti kuma yana lalata roba. In da hali, sabon man giya da aka dama da ɗan giris ya fi. A ƙarƙashin ƙarafan nan da gindin ƙofofi akwai 'yan hudojin da kamfani ya bari don ruwa ya fita. Laka kan toshe su, wasu kuma su like su da gangan wai don kada ƙura ta shiga. Ka buɗe su da waya.

Idan mota ta koma hanya, kada ka manne shimfiɗar da gam. Ka bar ta yadda za ka iya ɗagawa ka share duk mako, musamman a watan Agusta. In za ka ɗauki taki ko gishiri ka fara shimfiɗa tamfol, in ya zube kuma ka wanke a ranar ka bar ƙofofi a buɗe. Lakar fadama da ta manne a ƙasan mota a kankare ta da ruwa, kuma kada ka ajiye motar a kan ciyawa ko danshi duk damina. Robar gilashin gaba in ta tsattsage a sauya ta, in ba haka ba an yi aikin baban giwa.

Abu guda zan ƙara. In sukudireba ta burma a inda ƙafafun motar suka kama jiki, ko a gindin kujeru duka biyu, to ka sa makaniken da ka yarda da shi ya shiga rami ya duba kafin ka kashe ko kwabo. Wani lokaci gara a sayo wani jikin a mayar masa da injin.

Sauran wasiƙu, ciki har da ta mai tambaya a kan injin ban-ruwa da ke yawan zafi, sai a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.