Mai Zanen Daji: Sana'ar da Ƙasar Daura Ke Bukata

Tarihin Daura da dabba ya fara. Babu yaron da ya tashi a garin bai ji labarin macijin rijiyar Kusugu ba, wanda ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Haka tatsuniyoyinmu da karin maganarmu suke cike da kura da dila da barewa da jimina da gauraka. To amma yaran Baure da Zango da Mai'aduwa da Sandamu nawa ne suka taɓa ganin ɗaya daga cikinsu ido da ido? Ko ungulu, wadda a da ba a raba ta da mahauta, ta yi ƙarancin da a 2015 aka sa irin tamu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Sunaye sun saura a baki, siffofi kuwa suna gushewa daga ido. Wannan ne ya sa nake ganin ƙasar Daura tana bukatar mai zanen daji, kuma ya kamata a ɗauki aikinsa a matsayin sana'a mai mutunci.

Wanda yake shakkar ko kallon dabbobi zai iya zama hanyar cin abinci, ya dubi rayuwar Ladi Kwali. An haife ta wajen 1925 a garin Kwali na ƙasar Gbagyi, ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. Ba ta yi boko ba, kuma jikin tukunya shi ne allonta. A kansa take zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi da tsuntsaye, wato halittun da take gani kullum a gona da bakin rafi. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa tara tukwanenta, kuma a gidansa ne wani Bature mai suna Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar tukwane da Cardew ya buɗe a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko. An baje kolin aikinta a Landan, ta zagaya Amurka tana nuna gwaninta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984, yau hotonta ne a bayan takardar naira 20. Abin lura shi ne ba ta aro dabbar kowa ba. Ƙadangaren ƙofar gida ta ƙura wa ido har ta san yadda yake lanƙwasa wutsiya, shi ya kai ta ko'ina.

Zane kuma shaida ne da ke daɗewa bayan mai shi. A kogunan duwatsun Birnin Kudu akwai zanen shanu da mutanen zamanin da suka bari. A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, tsawonsa ya haura mita 5, a wurin da yanzu sai rairayi da duwatsu. Wannan zane shi ke gaya mana cewa a da ƙasar tana da ciyawa da itatuwa. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma da suka rage duk a Nijar suke, yawancinsu a yankin Kure kusa da Yamai, kuma a 2018 aka kwashi 8 zuwa dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. A Amurka ma, John James Audubon ya zana wata irin kurciya da garkenta ke rufe sama a zamaninsa. Ta ƙarshe a cikinsu ta mutu a 1914, zanensa yana nan.

Babbar hujjar da masu sukar wannan sana'a za su kawo ita ce ta addini, kuma ba abar wasa ba ce. Hadisai sun yi gargaɗi mai tsanani game da suranta abu mai rai. Sai dai malamai sun yi bayani filla-filla: a mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, an bambanta gunki mai inuwa da zanen da aka shimfiɗa a takarda ko bango, hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Fatawa ta malamai ce, kowa ya tambayi nasa. Amma ko mai tsananin tsantseni yana da fili mai faɗi, domin an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai zane da ya koma zanen itatuwa da abin da ba shi da rai. Itatuwan ƙasar Daura kuwa sun ishi mutum aiki har tsufansa: kuka da ɗorawa da goruba da aduwa da kanya da magarya, ga gawo da ke kakkaɓe ganye da damina ya yi kore shar da rani. Su ma gatari da fari suna cin su, dogon yaro yana maye gurbinsu.

Wani zai ce ai waya ta ɗauke wannan nauyi, tunda kowa na da kamara a aljihu. Waya tana ɗaukar abin da ke gabanta ne kawai. Mai zane yana iya zama da tsohon maharbi ko Bafillacen makiyayi, ya saurari yadda dajin yake a zamaninsu, ya fitar da shi yara su gani. Kuma wanda ya yini yana zana zalɓe a bakin madatsar ruwan Daberam zai san tsuntsun fiye da wanda ya danna waya ya wuce. Batun kuɗi ma ba ya tsorata ni sosai. Masu zanen zaki da mikiya a jikin manyan motoci suna ci da iyalinsu da wannan aiki. Littattafan firamare na bukatar hotunan dabbobinmu da itatuwanmu, haka ma shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa da ya ratsa iyakar jihar Katsina.

Abin da ya rage shi ne a buɗe hanya. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana koyar da wannan fanni shekara da shekaru. Ina roƙon masarautar Daura ta ware rumfa lokacin sallar Gani inda matasa za su baje zanensu na daji, malaman makaranta kuma su daina ƙwace takarda daga hannun yaron da suka kama yana zana tsuntsu, su duba ko yana da baiwa.