Kalmomi ɗari na dusar ƙanƙara: yadda ake gane littafin karatu na ƙwarai

Malamin da aka ba kwas ɗin harshe da al'ada a jami'a, aikinsa na farko shi ne zaɓen littafin da ɗalibai za su riƙe. Akwai gwaji mai sauƙi da zai taimaka: a duba me littafin ya ce game da mutanen Inuit na arewacin Kanada da Alaska.

Shekara da shekaru littattafai suna maimaita cewa wai waɗannan mutane na da kalmomi barkatai na dusar ƙanƙara, a matsayin hujjar cewa harshe na tsara yadda mutum ke kallon duniya. To daga ina labarin ya fito? A 1911 Franz Boas ya kawo kalmomi huɗu kacal. A 1940 Benjamin Lee Whorf ya ɗauko misalin ya ƙara masa gishiri. Daga nan wannan ya kwafa daga wancan, adadin na kumbura, har jaridar New York Times ta rubuta ɗari a 1984. Sai a 1986 Laura Martin ta bi sawun labarin, ta nuna ba wanda ya koma ya ƙirga.

Matsalar tana cikin ƙirgar kanta. Harsunan Inuit na ɗora ɗafi a kan ɗafi bisa saiwa ɗaya, har kalma guda ta ɗauki ma'anar jimla. Dubi Hausa: karanta, karatu, makaranta, makaranci. Kalmomi huɗu ne ko saiwa ɗaya? In ba a fayyace abin da ake ƙirgawa ba, kowane adadi ma zai fito.

Don haka in littafi ya kawo labarin nan a matsayin gaskiya ba tare da madogara ba, a yi hattara da sauran babukansa. In kuwa ya kawo shi ya warware yadda kuskuren ya yaɗu, wannan littafin zai koya wa ɗalibi tambayar hujja. A kuma duba shekarar bugu, da ko misalan sun taɓo harsunan Afirka da ɗalibanmu za su iya gwadawa da bakinsu.

Da yawa cikin ɗaliban nan gobe su ne malamai. Kuskuren da suka haddace yau, shi za su rubuta wa wasu a allo.