Maganin da ake fesawa a hanci lokacin da yaro yake jijjiga

Da yawa daga cikinku kun taɓa ganin yaro da masassarar cizon sauro ta yi wa tsanani, musamman da damina: jiki ya sandare, idanu sun kafe, haƙora sun datse. A wannan hali ba ya iya haɗiyar komi. Duk abin da aka ɗura masa a baki, ko ruwa ne ko rubutu, yana iya sauka cikin huhu ya shaƙe shi. Allura ta jijiya kuwa tana da wuya, domin hannun yaron yana fizga, jijiyarsa kuma siririya ce. Ga shi lokaci ba ya jira: jijjigar da ta wuce minti 5 tana bukatar magani nan take, in ta daɗe tana iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Saboda haka ne likitoci suka nemi wata ƙofa, wato hanci. Fatar cikin hanci marar kauri ce, tana da damshi, kuma ƙananan jijiyoyin jini sun cika ta. Maganin da ya sauka a kanta yana shiga jini kai tsaye, ba sai ya bi ta ciki ba. Ma'aikacin lafiya yakan auna maganin gwargwadon nauyin yaron, ya zuƙe shi a sirinji, ya cire allurar, ya sa wani ɗan kai mai taushi wanda yake fesa ruwan kamar raɓa. Rabi a wannan kafar hanci, rabi a waccan, kowace kafa ba ta wuce mililita 1. Wanda aka fi amfani da shi ta wannan hanya sunansa midazolam.

An gwada dabarar a Afirka. A 2006 aka bayyana sakamakon wani bincike na asibitin Blantyre da ke ƙasar Malawi, inda aka ba yara 80 wani magani ɗan'uwansa, lorazepam, ta hanci. Jijjigar 60 daga cikinsu ta tsaya cikin minti 10.

Ba kowace likita ce take da wannan kaya ba. A wurare da yawa diazepam ake sawa ta dubura, shi ma hanya ce mai kyau. Kada ku hana, kada ku ji kunya.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau. Na san a ƙauyukanmu akan turara hayaƙi, ko a ɗiga mai ko ruwan albasa a hancin wanda ya shiɗe. Wannan dabam, wancan dabam. Mai yana gangarawa cikin huhu, hayaƙi kuma yana ƙara wa numfashi wahala. Shi kansa maganin asibitin yana iya rage numfashi in ya yi yawa, shi ya sa ma'aikacin yake tsayawa kan yaron yana lura da ƙirjinsa.

Aikinku kafin ku isa likita shi ne ku kwantar da yaron a kan gefensa, ku share majina da kumfa, domin toshasshen hanci ba ya karɓar magani sosai. Kada ku cusa cokali ko yatsa a bakinsa. Ku riƙe lokacin da abin ya fara, za a tambaye ku.

In jijjigar ta tsaya, kada ku ɗauki yaron ku koma gida. Feshin ya kwantar da jijjiga ne kawai, ƙwayoyin cutar suna nan cikin jini, sai an gwada jinin an yi masa allurar artesunate.