Inabi marar ƙwallo: allura ake masa?

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp cewa inabin nan manya-manya marasa ƙwallo da ake shigo da su daga Masar da Afirka ta Kudu allurar homon ake musu, kuma wai suna hana haihuwa. Masu sayar da kayan marmari ne ke kwana a ciki, don mai saye kan ɗaga ledar, ya juya ta, ya ajiye.

Wa zai bi ƙwaya dubu-dubu da sirinji? Inabi marar ƙwallo ya girmi ilimin sauya ƙwayar halitta nesa ba kusa ba. Nau'in Sultana, wanda Amurkawa ke kira Thompson, an daɗe ana noma shi a ƙasar Turkiyya da Farisa, kuma reshe ake yanka a dasa. Ƙwallon kan fara fitowa a cikin ɗan inabin, sai ya lalace tun yana ƙarami.

A nan ne maganar homon ta shigo, kuma tsiron ne da kansa yake yin sa. Ƙwallon da ke girma yana fitar da jibarelin, sinadarin da ke sa ɗan itacen ya kumbura. Idan ƙwallo ya mutu, sai inabin ya tsumbure. Shi ya sa manomi yake fesa jibarelin ɗan kaɗan bayan fure, makonni da dama kafin girbi. Eiichi Kurosawa, masani ɗan Japan, shi ya fara gano tasirinsa a 1926 a kan shinkafar da wata fumfuna ta sa ta yi tsawo har ta kwanta.

Jibarelin ƙaimi ne, amma akwai linzami: sinadarin absisik, wanda aka ware daga auduga a Kalifoniya a 1963. Inabi kan girma, ya tsaya cik yana kore, tauri da tsami, sannan absisik ya ƙaru. Daga nan fata ta fara ja, sukari ya kwararo daga ganye. Zafi mai yawa yana dakushe wannan aiki, shi ya sa inabin ƙasashe masu zafi ba kasafai yake yin ja sosai ba, abin da manomanmu na Kudan a Kaduna ya kamata malaman gona su zauna su yi musu bayani.

Waɗannan sinadarai muna cin su kullum a alayyafo da tumatir. Abin da ke ba ni takaici shi ne inda tsoronmu ya karkata. Inabi ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, don haka ba a nuƙa shi. Ayaba da mangwaro ne ake turara wa kabayid a bayan kasuwa, duk da gargaɗin NAFDAC, ga kuma maganin ƙwari da ake fesawa gab da girbi ba wanda ke aunawa a yawancin kasuwanninmu. Wannan ne ya cancanci saƙon murya, da ziyarar jami'an lafiya zuwa rumfunan 'Yan Lemo a Kano.