Kwanan Baƙo a Dajin Yankari

Matafiyin da ya bar Bauchi ya kama hanyar Gombe, idan ya iso Dindima, inda gada ta ratsa kogin Gongola, sai ya saki babban titi ya nausa kudu. Daga nan gonaki ne da ƙauyukan ƙaramar hukumar Alkaleri har Mainamaji, inda ƙofar gandun dajin Yankari take. A nan ake biyan kuɗin shiga, a rubuta suna da lambar mota, a ɗaga shinge. Mutum zai ɗauka ya iso, alhali da sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai kafin ya hango rufin masaukin baƙi. A duk tsawon hanyar nan ba gida, ba gona, ba mai tallar ruwa. Marke ne da taramniya da kirya dama da hagu, sai ciyawar gamba, sai kashin giwa jefi-jefi a kan titi. Direban da ya san wurin ba ya gudu, domin mazo ko gwanki kan faɗo hanya ba zato.

A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe wannan daji, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, a 2006 kuma aka mayar wa Jihar Bauchi abinta. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma can cikinsa aka kafa masaukin: ɗakunan kwana a warwatse ƙarƙashin itatuwa, ɗakin cin abinci, wurin kwanan ɗalibai, da wani ƙaramin gidan tarihi inda aka jera fatu da ƙasusuwa da hauren giwa, tare da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace a hannun maharba.

Abin da ma'aikacin da ya miƙa maka makulli zai fara faɗa ba ya wuce, "Ranka ya daɗe, a riƙa kulle ƙofa da taga, kuma kada a bar abinci a fili." Baƙi da yawa kan ji wannan su yi murmushi, sai sun ga gwaggon biri a bakin aikinsa su gane. Yana zaune a gindin itace kamar ba ruwansa, amma idonsa na kan ledar da ke hannun yaro. Da an kau da kai ya zabura, ya warce, ya haye rufi, ya zauna ya yage ledar da haƙori, ya ciro burodin ya shinshina, ya cinye yana kallon mai shi. Manyan cikinsu sun iya murɗa hannun ƙofa, sun san ƙarar buɗe but ɗin mota. Uwa takan wuce da jinjiri manne a cikinta, wanda ya ɗan tasa kuma yana bisa gadon bayanta. Ba su cika jin tsoron mata da yara ba, amma da ma'aikaci ya ɗaga sanda sai su watse. Gadu kuma, wato mugun dawa, ba shi da wannan fitina. Yakan durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana kiwo a tsakanin ɗakuna, in an matso shi ya miƙar da wutsiya sama ya ruga, 'ya'yansa na bin sa a jere.

Laifin rashin kunyar biran nan ba nasu ba ne su kaɗai. Baƙon da ya jefa wa biri ayaba don ya ɗauki hoto ya tafi gida abinsa, ya bar wa ma'aikata dabbar da ta koyi cewa hannun ɗan Adam rumbu ne. Wannan ɗabi'a tana ɓata mini rai ƙwarai, domin duk ranar da birin ya ciji wani, shi za a hukunta.

Ranar masauki tana farawa tun kafin baƙo ya farka. Da an idar da sallar asuba masu shara sun fito suna tattara abin da birai suka watsar, mai dafa abinci ya ɗora ruwan shayi, direbobi suna duba taya da mai. Duk abin da za a ci a wurin, daga buhun shinkafa zuwa ƙwai da attarugu, da man janareta da sabulun wanki, sai an ɗauko shi daga gari, kuma Bauchi ta fi kilomita 100 daga nan. In gishiri ya ƙare, ba kantin da za a aiki yaro. Saboda haka mai kula da sito a irin wannan wuri mutum ne mai lissafi, ya san yawan bakin da zai ciyar a makon Sallah ko na Kirsimeti, lokacin da ɗakuna ke cika, ya kuma san yadda zai lallaɓa da damina, lokacin da ciyawa ke rufe daji, dabbobi su bazu, baƙi su ɗauke ƙafa. Da yawa daga cikin ma'aikatan iyalansu na waje, a ƙauyukan gefen daji ko a gari, sai an samu hutu ake leƙa su.

Fita kallon namun daji da sassafe ake yi ko da la'asar, a buɗaɗɗiyar mota, tare da ɗan rakiya daga masu gadin daji. Kallon wannan mutum yana aikinsa ya ishi baƙo riba ko da bai ga giwa ba. Zai sa a tsaya, ya leƙa ƙasa, ya nuna sawu, ya ce garke ya bi nan da daddare. Zai dubi kashin da ke gefen hanya ya faɗi ko na ɗazu ne ko na shekaranjiya, ya nuna reshen da aka karye daga sama, ɓawon da aka saɓule daga jikin itace. Yawancin hanyoyin suna bin kwarin kogin Gaji, wanda ba ya ƙafewa, shi ya sa da bazara, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, dabbobi ke taruwa a bakinsa. A nan ake ganin ɓauna da gwambaza da kanki, da kada a kan yashi, wani lokaci da dorina. Tsuntsayen da aka ƙidaya a dajin sun haura iri 350. Akwai kuma tsando, wanda cizonsa ke ratsa riga, don haka mai hikima kan sa tufa mai kauri da dogon hannu, ya guji baƙi da shuɗi.

Giwayen Yankari, bisa ƙiyasin masu kula da su, tsakanin 100 ne zuwa 150, kuma suna cikin manyan garkunan da suka rage a Najeriya. Zaki ma yana nan, amma kaɗan ne, ganinsa sai mai rabo. Wanda ya zo da niyyar lallai sai ya ga giwa yana iya komawa da ɓacin rai, domin nan ba gidan zu ba ne, ba wanda ya ɗaure ta.

Ɗan rakiya nagari ba ya barin baƙo ya tafi bai ga inda mutanen dā suka zauna ba. Akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda aka sa wa sunan mai binciken da ya bayyana su a 1980. Akwai rijiyoyin Dukkey, sama da 130, da aka haƙa aka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa. Akwai kuma tsofaffin matoyan tama a Shau Shau, inda maƙera suka narka ƙarfe. Daji ne da mutane suka rayu a cikinsa, suka sha ruwansa, ayari ya yada zango a kusa da rijiyoyinsa, tun kafin a san za a gina ɗaki mai fanka a ciki.

Da rana ta take, kowa sai ya gangara Wikki. Matakala ce ake bi daga masaukin zuwa wani kwari mai inuwa, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse da ya tsaya kamar bango. Zafinsa digiri 31 ne, rani da damina, dare da rana, kuma abin da yake fitarwa kullum ya kai lita miliyan 21, yana malala zuwa Gaji. Garau yake, kana tsaye ruwa iya ƙirji kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. A gindin dutsen akwai zurfi, can ƙasa kuma yana raguwa har yara su iya wasa. Da hunturu, idan sanyin safiya ya sa haƙora kaɗawa, tururi ne ke tashi a kansa, wanda ya shiga kuwa ba ya son fita. A bakin ruwan nan ne ake ganin jama'ar ƙasar nan a haɗe: ɗaliban sakandare daga Jos, ango da amarya daga Kano, ma'aikatan banki daga Legas, Bature mai na'urar hangen tsuntsu, dattijo da ya naɗe ƙafar wando ya tsoma sawu kawai. Mata da yawa kan jira a rage kafin su shiga da suturarsu, kuma ya kamata samari su riƙa ba su wuri.

Dare a masaukin daji daban yake. Idan hira ta watse aka rage fitilu, sai kunne ya buɗe: gyare, kwaɗi daga kwari, kukan mujiya, wani lokaci kukan kura daga nesa. A wannan sa'a da baƙo ke jan bargo, akwai waɗanda ke kwance a ƙasa can cikin ƙungurmin dajin. Masu gadi ne da ke fita sintiri na kwanaki a ƙafa, da bindiga da gora da ɗan garin rogo, suna neman sawun maharba da tarkon waya. Akwai abokan aikinsu da suka rasa rayukansu a wannan aiki. A 2014 ƙungiyar WCS mai kare namun daji ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar kan tallafa wa sintirin, an kuma ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya don a riƙa sanin inda garke ya dosa. Duk giwar da baƙo ya ɗauka a hoto, guminsu ne ya bar ta da rai, amma ba kasafai ake tambayar ko su waye ba.

Sauran rabin labarin yana wajen ƙofa. A ƙauyukan Ingila da Ostareliya akwai mashayar gari mai ɗakunan kwana, inda matafiyi kan sauka ya ci abinci, ya ji abin da ke damun mutanen wurin. A ƙasarmu teburin mai shayi ne da rumfar mai masa ke wannan aiki. Wanda ya tsaya a Mainamaji ko Dindima ya zauna a benci, aka zuba masa shayi mai kauri, aka kawo masa da miyar taushe ko ƙwaryar fura da nono daga hannun 'yar Fulani, zai ji Yankarin da ba a faɗa a masauki. Za a yi masa sannu da hanya, a tambaye shi, "Malam, an ga manyan kuwa?" Daga nan zance zai zo kan abin da manyan ke yi wa gona.

Da kaka, lokacin da dawa da masara suka nuna, giwaye kan fito daga gandun da dare. Garke guda na iya share noman shekara kafin gari ya waye. Manoma kan kwana a gona suna hura wuta, suna buga gwangwani da ganga, suna haska tocila, ransu a hannunsu. Mutumin da aka cinye wa abincin iyalinsa, doka ta hana shi taɓa wadda ta ci, kuma dokar tana da gaskiya, domin in aka bari aka taɓa su, shekaru kaɗan za a neme su a rasa. Makiyayi ma yana da nasa kukan: da rani yana kallon ɗanyar ciyawa da ruwa a cikin gandun, shanunsa na rama, in ya shiga a kama shi. Ban ga yadda za a ce wa waɗannan mutane su so giwa da baki kawai ba. Sai sun ga cewa zamanta a raye yana kawo musu wani abu: ɗansu ya samu aikin gadi ko na girki, a sayi tumatir da kajin ƙauyensu a masauki, motocin baƙi su riƙa tsayawa a ƙofar rumfunansu.

Abin da na lura da shi kuwa, yawancin motocin ba sa tsayawa. Ana cika but da lemon kwalba da biskit tun daga birni, a wuce ƙauyukan da gilashi a rufe, a dawo a wuce haka nan, ƙura kawai ake bar musu.

Don haka, mai karatu, idan Allah ya nufe ka da zuwa, ka tafi tsakanin Nuwamba da Afrilu, ka kwana ko da dare biyu ne, domin mai zuwa da safe ya juya da yamma bai ga komai ba. Kada ka ba biri abinci, kada ka bar leda a bakin Wikki. Ka gaisa da ɗan rakiyarka da mai share maka ɗaki, ka yi musu ihsani gwargwadon hali. A hanyar dawowa kuma ka tsaya a ƙauye, ka sauko daga mota, ka yi sallama, ka sha shayinsu, ka sayi abin da suka kasa a bakin hanya, ka biya ba tare da dogon ciniki ba.