Haske, Sauti da Kasafi: Abin da Nake Koyo a Makarantar Fim

A Birnin Kudu da Gwaram yanzu da wuya a yi ɗaurin aure ko saukar karatu ko naɗin sarauta ba ka ga yaro da kyamara yana kutsawa cikin jama'a ba. Muna da yawa, kuma kusan dukkanmu da ka muka koya: ka riƙe wa maigidanka jaka da wayar wuta, har ranar da zai miƙo maka kyamara ya ce, "Ɗauko min ango." Bana na shiga Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, kuma abin da nake gani a aji ya kamata ƙannena na gida su ji shi.

Makarantar ta Hukumar Fina-finai ta Najeriya ce. An kafa ta a 1995, tana ba da difloma, tana kuma ba da digiri tare da Jami'ar Jos. Da na gaya wa Inna zan tafi, tambayarta ɗaya ce: "Rawa da waƙa za su koya maka?" Ban ga laifinta ba. Irin wannan fargabar ce ta sa aka soke shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta Jihar Kano a 2016. Na ce, "Inna, haske za su koya min." Ta yi dariya, amma gaskiyar ke nan.

Kyamara ba ta gani yadda ido yake gani. Tsayar da ango baƙi cikin farar shadda da tsakar rana a ƙofar gida: in kyamara ta bi hasken rigar, fuskarsa ta dushe, in ta bi fuskar, rigar ta ƙone fari fat, aikin da mai ɗinki ya sha wahala a kai ya ɓace. Yawancinmu cewa muke yi kyamarar ce ba ta da ƙarfi, a sayo babba. Maganin bai kai haka tsada ba. Ka ja angon zuwa inuwar darbejiya, ka sa yaro ya riƙe farin kwali daga gefe ya mayar masa da haske a fuska, sai ga kumatu da idanu sun fito, zaren aikin wuya yana ƙyalli ɗaya bayan ɗaya. A cikin ɗaki fitila uku ake jerawa: babba daga gefe, ƙarama mai rage inuwa, sai ta baya wadda take raba mutum da bango. A waje kuwa lokaci ne fitilarka, wato sanyin safiya da bayan la'asar. Hazon hunturun da muke kuka da shi ma yana tace rana, fatar mutum ta yi laushi a hoto.

Akwai ɗan lissafi. Fim na sinima hoto 24 ne a daƙiƙa, talabijin ɗinmu 25. Wutar lantarkin ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa in ba ka daidaita saurin ƙiftawar kyamara da ita ba, sai ka ga hoton walima yana ɓal-ɓal a ƙarƙashin ƙwan fitila.

Sauti ne ya fi kashe mana aiki. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma da ya kasa jin magana zai wuce. Janareta a bayan katanga, injin niƙa, ɗan acaɓa, duk makirufon da ke jikin kyamara kwashe su yake yi. Dole a kai makirufo kusa da bakin mai magana, a nisanta janareta da doguwar waya, kuma kafin a tashi kowa ya yi tsit a naɗi sautin wurin na minti guda, don mai tacewa ya toshe gibi da shi.

Sai ɓangaren shirya fim da kanka. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kaset da faifai ne suka riƙe harkar, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suna saye suna rarrabawa. Kasuwar kaset da faifan ta mutu. Yau ko dai tasha irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ko YouTube, inda Izzar So da Labarina suka tara miliyoyin masu kallo. YouTube kuwa ba ya fara raba maka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara. Don haka furodusa sai ya iya rubuta kasafi, daga kuɗin mota har abincin ma'aikata, ya yi yarjejeniya da ɗan wasa a takarda, ya kuma san cewa waƙar wani da ya ɗora ba izini tana iya cinye masa ribar fim ɗin gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne duk wanda ya ɗan iya a cikinmu sai ya haɗa kayansa ya nufi Titin Gidan Zu a Kano, ya ƙare yana ɗaukar falo ɗaya da kujeru ɗaya da kowa yake ɗauka. Alhali a bayan gidanmu ga Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da zanen shanun da mutanen dā suka bari a jikinsu, da duwatsun da ake bugawa su yi amo. Ga kasuwar Sara ranar cinta, ga Fulani suna koro shanu da yamma ta wajen Basirka. Wanda ya taso a nan ya san ƙarfe nawa rana take faɗawa a kan waɗannan duwatsu, ya san dattijon da zai nemi izini a wurinsa. Baƙo sai ya biya kuɗi kafin ya san wannan.

Ga ƙannena masu riƙe da kyamara: ku gyara sakamakonku na WAEC ko NECO, musamman Turanci, don ba a shiga makarantar sai da takarda. Ga iyayenmu: ku tambayi abin da ake koyarwa kafin ku hana. Hukumar ba da tallafin karatu ta Jigawa kuma muna roƙonta ta riƙa tunawa da ɗaliban fim idan ta zo rabo.